Don Allah 'yan Flutter, wijit ɗina yana fitowa a sikirin amma ba ya jin taɓawa

sabon_shiga_22
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wata ƙaramar manhaja ta ƙirga lokaci da Flutter, kayan aikin nan na haɗa manhaja, ina so in yi wani abu mai da'ira kamar fuskar agogo, mutum ya ɗora yatsa ya juya ya zaɓi minti daga 0 zuwa 60, inda ya zaɓa ya cika da kala. Na zana shi da CustomPainter, ajin da ake zane da shi da hannu, ya fito tsaf yadda nake so, na sa GestureDetector mai gane taɓawa a kansa, amma ko na danna ko na ja babu abin da ke faruwa, onPanUpdate ɗin ma ba ya tashi kwata-kwata. A cikin Column yake, akwai rubutu a samansa da maɓalli a ƙasa, kuma maɓallin yana hawa kan zanen. Sannan tambaya ta biyu, wai irin wannan aikin CustomPainter ne daidai ko sai na shiga RenderBox, matakin da ke ƙarƙashin wijit mai awo da zane, ko kuma in haƙura in ɗauko fakej, wato kod ɗin da wani ya riga ya rubuta, a pub.dev kawai? Ina so ya yi aiki a Android da iPhone, daga baya kuma har kwamfuta.

mai_allo
Wa alaikumus salam. Ka ba CustomPaint ɗin girma kuwa?

sabon_shiga_22
A cikin paint na sa tsakiya a Offset(150,150) da faɗin da'ira 140, ban sa wani abu a waje ba.

mai_allo
To nan matsalar take. CustomPaint in ba shi da ɗa a ciki kuma ba ka ba shi size ba, girmansa sifili ne, Size.zero. Abin da ya rikita ka shi ne Canvas ba ya yanke abin da ya fita daga iyaka, ko girman wijit ɗin sifili ne in ka ce a zana da'ira a 150,150 za a zana ta ka gan ta da idonka. Amma wajen taɓawa Flutter yana fara duba ko wurin da yatsa ya sauka yana cikin girman akwatin, akwati mai sifili kuwa babu abin da zai faɗa cikinsa. Shi ya sa kuma maɓallin ya hau kai, don a lissafin Column babu komai a wurin. Ka saka shi cikin AspectRatio mai 1, ko SizedBox, kuma ka daina rubuta 150 da hannu, ka yi amfani da size ɗin da ake miƙa wa paint, tsakiya size.center(Offset.zero), rabin faɗi kuma size.shortestSide a raba biyu.

dart_zalla
Abin da mai_allo ya faɗa shi ne. Ka riƙe ƙa'idar nan tun yanzu za ta cece ka daga ciwon kai da yawa: uwa ce ke miƙa wa ɗa iyaka, ɗa ya zaɓi girmansa a cikin iyakar ya mayar sama, sannan uwa ta ajiye shi inda take so. Column tana ce wa 'ya'yanta ku ɗauki tsayin da kuke so, naka ya ce shi sifili yake so, ta ce to shi ke nan.

sabon_shiga_22
Allah ya saka da alheri, na sa AspectRatio yanzu yana ji. Sai dai wani abin ya ɓullo, in na taɓa sama wajen ƙarfe sha biyu sai ya nuna 45, in na taɓa dama sai ya nuna 0.

yar_lissafi
Hhh wannan kowa sai ya bi ta kansa. Ita atan2 da drawArc duka sifilinsu a dama yake, wato wajen ƙarfe uku, kuma da radiyan suke lissafi ba digiri ba. Tunda y na sikirin ƙasa yake ƙaruwa, kusurwa tana tafiya ne yadda hannun agogo ke tafiya, wannan kam ya yi maka daidai. Abin da za ka yi, ka cire tsakiya daga details.localPosition, ka ba atan2 dy da dx, a lura dy ne farko, sai ka ƙara pi/2, sannan ka yi % da 2*pi. A Dart alamar % ba ta ba da amsa mai ƙasa da sifili in abin da kake rabawa da shi ya fi sifili, don haka ba sai ka sa wani if ba. Wajen zane kuma ka fara drawArc daga -pi/2. Minti ɗaya digiri 6 ne, 360 a raba 60.

gajere_hanya
Ni fa ban gane wahalar nan da kuke ba kanku ba. Ka shiga pub.dev ka rubuta circular slider, za ka ga fakej da yawa, ka ɗauki ɗaya ka wuce wurin. Mai amfani da manhaja ina ruwansa da wa ya zana da'ira?

dart_zalla
@gajere_hanya ruwansa zai zo ranar da aka sabunta Flutter fakej ɗin ya ƙi haɗuwa, ka je ka tarar mai shi ya daina kula da shi tuntuni. Na taɓa ɗaukar wani don irin wannan, abu ɗaya kawai nake so in canza, kan layin ya zama mai lanƙwasa maimakon a yanke, babu hanyar yi, sai da na kwafo kod ɗin gaba ɗaya cikin aikina na gyara, to a nan me fakej ya rage mini? A CustomPainter layi ɗaya ne, strokeCap ya zama StrokeCap.round.

gajere_hanya
Ai sai ka duba ranar da aka sabunta shi da yawan masu amfani kafin ka ɗauka Malam. Ba kowane fakej ne marayan ba. Kuma ku da kuke cewa a rubuta da hannu, nawa ne a cikinku ke tunawa da makafi da masu kibod? Fakej mai kyau wani ya riga ya ci karo da waɗannan ya gyara.

uwar_kod
Wannan maganar ta ƙarshe ta gajere_hanya gaskiya ce ko da ban yarda da sauran ba. Sabon_shiga ka saurara da kyau ƙanina, don wannan shi ne abin da ake mantawa. Duk abin da ka zana a Canvas, a wurin TalkBack na Android da VoiceOver na iPhone, masu karanta wa makafi abin da ke sikirin, babu shi, fiksel ne kawai masu kala. Wanda ba ya gani in ya buɗe manhajarka zai ji rubutun sama, ya ji maɓallin ƙasa, tsakiya shiru, ba zai taɓa iya saita lokaci ba. Ka naɗe shi da Semantics, ka sa slider: true, label ya ce tsawon lokaci, value ya ce minti 25 misali, ka ba shi increasedValue da decreasedValue, sannan onIncrease da onDecrease su ƙara ko su rage. Da haka mutum zai iya canza shi da hanyar da ya saba canza kowane slider a wayarsa ba sai ya juya yatsa a da'ira ba. Kuma kar ka yarda da cewa ka rubuta ya isa, kunna TalkBack ɗin a wayarka ka rufe ido ka gwada saita minti 40 ka ji yadda abin yake.

sabon_shiga_22
Wallahi Anti ko a mafarki ban kawo wannan ba. Na gode. To ita tambayar RenderBox ɗin fa?

mai_allo
Ka buɗe kod ɗin Flutter kansa ka gani, ai a buɗe yake. Agogon da ke cikin showTimePicker, wanda kusan shi kake son kwaikwaya, da CustomPaint aka zana shi, a fayil ɗin time_picker.dart akwai painter na dial ɗin. CircularProgressIndicator ma haka. Shi kuwa Slider da LeafRenderObjectWidget aka yi shi, yana da RenderBox nasa. Ni yadda nake yanke hukunci, in abin da nake so zane ne kawai kuma girmansa daga waje zai zo, CustomPainter. In kuma wijit ɗin ne zai auna kansa, misali girmansa ya dogara da tsawon rubutun da ke ciki, ko yana da 'ya'ya da zai jera ta wata hanya da Row da Column da Stack ba su iya ba, to a nan ne nake sauka performLayout. Naka murabba'i ne kawai da da'ira a ciki, ba ka buƙata.

ƙasan_injin
Ban ƙi ba, amma mutane suna tsoron RenderBox fiye da kima. Ba wani dodo ba ne. Ka rubuta performLayout ka saita size daga constraints, ka rubuta paint, ka ce hitTestSelf ya dawo da true, handleEvent ya miƙa wa recognizer ɗinka, describeSemanticsConfiguration ya yi abin da uwar_kod ta faɗa. Komai a aji ɗaya. Daɗinsa kai ne ke cewa wannan canjin markNeedsPaint kawai yake buƙata, wancan markNeedsLayout. In kala ta canza ba sai an sake awo ba. Da CustomPainter kuwa sai ka ga an jibga GestureDetector a kan Semantics a kan LayoutBuilder a kan AspectRatio a kan RepaintBoundary, hawa biyar kafin ka iso zanen.

mai_allo
Hawa biyar ɗin kowa ya buɗe zai karanta ya gane. Naka ajin in ka manta markNeedsSemanticsUpdate a setter ɗaya, a ido komai lafiya, TalkBack kuma yana ta faɗin tsohon minti, babu wanda zai lura sai mai amfani ya kawo ƙara.

ƙasan_injin
Wannan kam haka ne, na ba ka.

tsohon_qt
Ku yara kuna ta jayayya a kan abin da muke yi tun kafin a haifi Flutter. A Qt, tsohon kayan aikin haɗa manhaja, ka gaji QWidget ka rubuta paintEvent da QPainter, ka rubuta sizeHint ka faɗi girman da kake so, mousePressEvent don dannawa, in abu ya canza ka kira update(). A QML kuma akwai QQuickPaintedItem. Sunaye ne kawai suka canza, tambayoyin uku ne tun fil azal: nawa ne girmana, yaya kamata take, me zan yi in an taɓa ni. Flutter 1.0 a Disambar 2018 ya fito, Qt tun shekarun 1990 yake.

yar_lissafi
Ranka ya daɗe Baba, mun ji, amma a ƙara ta huɗu, me zan ce wa wanda ba ya ganina 😄

tsohon_qt
An ƙara, QAccessible ma muna da shi 'yata.

sabon_shiga_22
Na gyara kusurwar yanzu daidai take. Sabuwar matsala kuma, ku yi haƙuri da ni: in ina juyawa na kai 59 na ɗan wuce sama, sai ya faɗo 0 gaba ɗaya kalar ta ɓace. Haka in ina 1 na koma baya sai ya cika fal.

yar_lissafi
Saboda kana ɗaukar inda yatsa yake ne kai tsaye ka mayar minti. Ka koma lissafin bambanci. Ka ajiye kusurwar da ta gabata, duk sanda yatsa ya motsa ka cire tsohuwa daga sabuwa, in bambancin ya wuce pi ka cire masa 2*pi, in ya yi ƙasa da -pi ka ƙara masa 2*pi, sai ka tara shi a kan jimillar da kake riƙe da ita ka yi clamp tsakanin 0 da 2*pi. Da haka in ya kai 60 zai tsaya cak ko yatsa ya ci gaba. Amma ka sani akwai zaɓi a nan da kai za ka yanke: in mutum ya wuce 60 da nisa sannan ya juyo, abin ya fara raguwa nan take ne ko sai yatsan ya dawo inda ya bar shi? In ka yi clamp a kan jimillar zai fara raguwa nan take amma ɗigon ba zai ƙara zama a ƙarƙashin yatsa ba. In ka bar jimillar ta wuce, abin da kake nunawa kawai ka yi wa clamp, ɗigon zai jira yatsa ya dawo. Ni na fi son na biyun. Kuma ka yi watsi da motsi in yatsa ya matso tsakiya sosai, don a kusa da tsakiya ɗan motsi kaɗan kusurwa ce babba, abin zai riƙa haukacewa.

bash_rn
Duk wannan a React Native ma haka za ka yi, ko da react-native-svg ko da fakej ɗin da Shopify suka fitar mai amfani da injin zane na Skia. Bambancin dai mu maɓallinmu da rubutunmu na asalin waya ne, na Android a Android na iOS a iOS, ku kuwa Flutter shi ke zana komai da kansa har maɓallin, shi ya sa wani lokaci a iPhone kana taɓawa za ka ji ba ɗan gida ba ne.

dart_zalla
Ga shi nan an fara. Malam bash tambaya aka yi a kan Flutter. Kuma a irin wannan aikin ma zanen komai da kansa shi ne ribar, da'irar da ya zana iri ɗaya za ta fito a ko'ina ba sai ya rubuta Kotlin ya rubuta Swift ba. Kai in wijit ɗin asali kake so wanda babu shi ai sai ka rubuta sau biyu ka haɗa da Fabric ɗin React Native.

bash_rn
Ai ban ce a rubuta sau biyu ba, na ce Skia. Abin dariyar ma shi ne Skia ɗin da Flutter ya yi shekaru a kai shi muka ɗauko, ku kuma kuka koma sabon injin zane, Impeller.

hajiya_dotnet
Mu 'yan MAUI na Microsoft muna gefe muna kallo. GraphicsView da IDrawable, a rubuta Draw, in abu ya canza a kira Invalidate. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Xamarin, wanda MAUI ya gada, a Mayun 2024 duk wanda ke da custom renderer sai da ya zauna ya mayar da su handler, waɗanda suka zana nasu a kan kanbas kuwa ba su sha wahala kamar mu ba. Wannan ya sa yanzu in abu zai zanu, zana shi nake yi.

sabon_shiga_22
Don Allah a dawo kaina kafin a yi yaƙi 😅 Na sa a wata tsohuwar waya ta Android, in ina juyawa yana cijewa, ɗigon yana bin yatsa a baya a baya.

ƙasan_injin
Da wane yanayi ka kunna? In flutter run kawai ka buga to debug ne, kuma debug ba a auna gudu da shi, kod ɗin JIT ke tafiyar da shi ga tarin bincike da ake yi a kowane firem. Ka buga flutter run --profile a kan waya ta gaske, emuleta ba ta karɓar profile, sai ka buɗe DevTools ka duba shafin Performance. A sikirin mai 60Hz kana da kusan milisakan 16 a kowane firem, mai 120Hz kuwa kusan 8. Ka duba wane ne ke wucewa, zaren UI ko na raster. In UI ne to kod ɗinka na Dart ne ya yi nauyi, in raster ne to abin da kake sa a zana ne.

mai_allo
Kuma ina da tabbacin setState kake kira a saman shafin gaba ɗaya duk motsin yatsa, ko?

sabon_shiga_22
Eh haka ne. Kuma lambobin 5, 10, 15 har 60 a cikin paint nake ƙirƙirar TextPainter ɗinsu ina kiran layout.

mai_allo
To ka ga abubuwa biyu ke nan. Na farko, ka sa ƙimar a ValueNotifier ka miƙa wa painter ta super(repaint: notifier), sai ya riƙa sake zane kai tsaye ba tare da an sake gina wijit ko an sake awo ba. Na biyu, lambobi goma sha biyu da zane-zanen minti sittin ba sa motsi, me ya sa za a sake auna rubutunsu sau sittin a daƙiƙa? Ka raba painter biyu, ɗaya na fuskar agogo wanda shouldRepaint ɗinsa ba ya cewa true sai kala ko salon rubutu ya canza, ɗaya na baka da ɗigo mai motsi, ka ɗora su a Stack ka raba su da RepaintBoundary. In ba ka raba ba duk suna shimfiɗa ɗaya, ɗaya ya motsa a sake duka. Kana so ka gani da ido ka kunna debugRepaintRainbowEnabled, duk wurin da ake sake zanawa zai riƙa canza kala, za ka sha mamakin yadda rabin shafinka ke walƙiya.

dart_zalla
Ƙari a kan haka, kar ka bi ka cika ko'ina da RepaintBoundary don ka ji an ce yana taimako, kowane ɗaya shimfiɗa ce daban kuma tana da nata nauyin. Sannan in ka sa inuwa da MaskFilter.blur ko kana kiran saveLayer, cire su ka sake aunawa, su ne suka fi cin raster a ƙananan wayoyi.

bash_rn
Ba wannan ba ne cijewar shader ɗin, wato ƙaramin kod mai fenta fiksel, da aka daɗe ana kuka da ita?

ƙasan_injin
Waccan daban ce, ita a karon farko kawai take faruwa, lokacin da Skia ke haɗa shader ana cikin gudu, in ka maimaita motsin sai ya wuce sumul. Don ita aka yi Impeller, yana haɗa su tun wajen gina manhaja, ya zama wanda ke kunne kai tsaye a iOS tun Flutter 3.10 a 2023, Android ya biyo daga baya. Nasa kullum yake cijewa, don haka ba ita ba ce.

uwar_kod
Tunda ana maganar TextPainter, shi ba ya ɗaukar girman rubutun da mutum ya saita a wayarsa da kansa yadda Text ke yi, sai ka miƙa masa textScaler daga MediaQuery. Masu raunin gani da yawa suna ƙara girman rubutu, za su ga komai ya girma ban da lambobin agogonka. In kuma ka miƙa sai ka gwada a mafi girma ka ga ko lambobin suna hawa kan juna, wataƙila a nan ka nuna 15, 30, 45, 60 kawai. Kuma ɗigon da ake ja, ko ka zana shi ƙarami, wurin taɓawarsa kar ya gaza 48 a 48 yadda Material ta ce, Apple 44 suka ce.

ɗan_koyo
Ni tambaya ce da ni a gefe, ku gafarce ni. In manhajar za ta yi Larabci, da'irar ma juyawa za ta yi ta koma hagu?

yar_lissafi
A'a, agogo agogo ne a ko'ina, hannunsa ba ya juyawa don rubutu ya fara daga dama. Slider na miƙe shi ne ke juyawa. Amma TextPainter dole ka ba shi textDirection, ka ɗauko daga Directionality.of(context) kar ka rubuta ltr da hannu.

gajere_hanya
Ku duba tsawon zaren nan fa. Girma, kusurwa, tsallen 59, makafi, girman rubutu, cijewa, Larabci, kuma har yanzu bai taɓa kwamfuta ba. Ni da na ce fakej aka yi mini caa.

dart_zalla
Kuma fakej ɗin naka ka tabbata ya yi duk waɗannan? Je ka kunna TalkBack a kansa ka dawo ka ba mu labari.

gajere_hanya
Zan gwada, in ya yi kuma sai ka ba ni haƙuri a bainar jama'a.

tsohon_qt
Maganar kwamfuta da aka ambata, nan ne masu zuwa daga waya ke faɗuwa. A tebur mutum yana so ya danna Tab ya iso kan abin ya ga alamar cewa shi aka zaɓa, ya danna kibiya sama ko ƙasa ya canza, ya juya tayar maus ya canza, in ya kawo maus kai alamar ta sauya. Babu ɗaya da zai zo maka kyauta a abin da ka zana da hannu.

mai_allo
Gaskiyar Baba. A Flutter FocusableActionDetector ya haɗa maka focus da hover da shortcuts wuri guda, tayar maus kuma Listener da onPointerSignal, ka duba ko PointerScrollEvent ne. Ka miƙa wa painter wani bool na focus ya zana zobe a waje. Sannan shawara a kan yadda za ka tsara shi, ka kwaikwayi Slider: value daga waje, onChanged zuwa waje, onChangeEnd don sanda aka ɗaga yatsa, in onChanged null ne ya dushe ya daina amsawa. Kar wijit ɗin ya riƙe mintin a cikinsa shi kaɗai, ranar da ka sa maɓallin sake saiti za ka rasa yadda za ka mayar da shi 0. Kalolin kuma daga Theme.of(context).colorScheme, in ba haka ba ranar da aka kunna yanayin duhu baƙin layinka zai ɓace a baƙin bango.

ɗan_koyo
To ba wannan ya ci karo da maganar ValueNotifier ɗin da ka yi ɗazu ba Malam? Can ka ce kar a sake gini, nan ka ce value daga waje.

mai_allo
Tambaya mai kyau. Sake gina ƙaramin wijit ba shi da tsada, abin da na hana shi ne sake gina shafin duka da auna rubutu a cikin paint. In uwar da ke riƙe da ƙimar ƙarama ce, value da onChanged sun isa. In kuma ka auna ka ga da nauyi, ka yi controller irin na TextEditingController, mai shi ya ƙirƙira a waje ya miƙo, painter ya saurare shi. Duka biyun ƙimar tana hannun na waje.

sabon_shiga_22
Na raba painter biyu na kunna profile, cijewar ta tafi, firem ɗin duk suna ƙasa da layin iyaka a DevTools. Na sa HapticFeedback.selectionClick duk sanda minti ya canza, abin har daɗi. Amma na mayar da shafin ListView don ƙananan wayoyi, yanzu in na ja gefen da'irar sama ko ƙasa sai shafin ya tafi maimakon ɗigon, a sama da ƙasan da'irar ne kawai yake aiki inda jan na kwance ne.

ƙasan_injin
Gasar gesture ce. Yatsa na sauka, ListView da GestureDetector ɗinka duk sun shiga fili, wanda ya fara tabbatar da nasa shi ke ɗauka. Ja na tsaye yana buƙatar fiksel 18 ya ce nawa ne, pan kuwa 36 yake jira, kTouchSlop da kPanSlop, don haka ListView ke riga ka kullum in motsin sama ko ƙasa ne. Ka yi RawGestureDetector da recognizer naka wanda ya gaji PanGestureRecognizer, a addAllowedPointer ka kira resolve da accepted tun yatsa na sauka. Amma ka haɗa da hitTest a painter ya dawo da true a kan zoben kawai, in ba haka ba duk wanda ya ɗora yatsa a tsakiyar da'irar ko a kusurwar akwatin ba zai iya jan shafin ba, kuma da'irarka ta cinye rabin sikirin.

dart_zalla
Ko kuma hanya mai sauƙi, Listener a kai, onPointerDown ka mayar da physics ɗin ListView NeverScrollableScrollPhysics, onPointerUp da onPointerCancel ka dawo da shi.

ƙasan_injin
Zai yi aiki amma ka ɗaure wijit ɗin da shafin ke nan, duk inda ya kai shi sai uwar ta san da zamansa ta canza physics. Wanda zai sake amfani da shi a wani wuri fa?

dart_zalla
Shafi ɗaya gare shi Malam, ba fakej zai wallafa ba.

gajere_hanya
Na dawo. Na gwada guda biyu da TalkBack, ɗaya shiru kake ji, ɗayan yana faɗin lamba amma ba ya bari a canza. Ba zan ba kowa haƙuri ba dai, akwai sauran da ban gwada ba.

uwar_kod
Ka buɗe musu issue ko ka tura gyaran, layi kaɗan ne ai. @sabon_shiga in ka zo kan burauza ka sani a can Flutter ba ya kunna semantics da kansa sai an danna wani ɓoyayyen maɓalli ko kai ka kira ensureSemantics a kod, kar ka gwada ka ga shiru ka ɗauka naka ne ya lalace.

sabon_shiga_22
To Anti na rubuta. Zan fara gwada ta ƙasan_injin, in ta gagare ni in koma ta dart_zalla. Kaurin zoben da zan ba hitTest, daidai da wanda na zana zan sa ko in ƙara masa? Layin 20 ne kawai.

yar_lissafi
Ƙara masa, 20 ya yi siriri wa babban yatsa. Ka auna nisan yatsa daga tsakiya da (position - center).distance, ka karɓa in bambancinsa da radiyon zoben bai wuce 24 ba ta ciki ko ta waje, ka ga 48 ɗin Anti ya fito. Sai dai ka ja zoben ciki kaɗan daga bakin akwatin, don abin da ya fita daga size ba zai ji taɓawa ba komai hitTest ya ce.